Kwana Uku a Bakin Zakara

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar, ina kishingiɗe a kan tabarma. Bari in ba da labarinsa tun bai zube mini ba.

A cikin mafarkin ni ce dai Hansatu ungozoma, kamar yadda nake a farke. Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa a asibitin garinmu, na yi ritaya, an ba ni wa'adin in tashi daga gidan ma'aikata. Bambancin kawai shi ne kuɗin sallamata ba a banki suke ba. Suna cikin wata langa mai murfi da na rungume a ƙirji, da ɗuminsu, suna motsi a hankali kamar 'yan tsaki. Ban yi mamaki ba. Na ƙara danne murfin na ci gaba da tafiya.

Garin da na samu kaina ban san shi ba. Idan rana ta yi zafi, mutanensa naɗe titi suke yi kamar tabarma, su jingine shi a bango don kada ya ƙone. Na tambayi wata mai tuyar ƙosai inda ake sayar da gidaje. Ta nuna mini gabas da matsami, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ki yi sauri," in ji ta. "Masu kyau tun da safe ake kwance su."

Kasuwar gidajen tamkar kasuwar shanu take. An ɗaure kowane gida a turke, da igiya a wuyan zaurensa. Wasu na tsaye shiru, wasu na buga harsashin gininsu a ƙasa saboda ƙuda. Masu saye suna zagayawa, suna buɗe ƙofofi suna leƙawa kamar masu duba haƙori. Wani gajeren mutum mai jar dara ya tare ni, da zakara a hammatarsa. Ya ce sunansa Jatau, shi ne dillalin wannan layi.

"Hajiya, gida kike nema. Na gani a tafiyarki."

"Gida nake nema. Ɗaki uku, da rijiya, da inda zan yi shanya."

"Ga shi can yana kallonki."

Wani shuɗin gida ne, fentinsa sabo fil, reshen gwaiba ya leƙo ta kan katanga. Da na matsa kusa sai ya sunkuyar da zaurensa kamar saniyar da ta saba da mutane. Na shafa bangon. Nan take na ji ina son sa. Duk rayuwata a gidan haya da gidan gwamnati na yi ta, ban taɓa kafa ƙusa a bango ba tare da na nemi izini ba.

Na taya, Jatau ya ce albarka. Na ƙara, ya ce albarka. A na uku gidan da kansa ya yi gyaran murya, Jatau ya ce, "An sallama." Na buɗe langa na damƙo masa kafin alƙalami cikin tafi ɗaya. Ya zuba a hularsa ya mayar da ita ka.

"To, Hajiya, ga dokar garinmu," in ji shi. "Ciniki abu ne mai zafi, don haka duk wanda ya sayi gida ana ba shi kwana uku ya huce. In kin ga abin da bai yi miki ba a cikin kwanakin, ki fasa, a mayar miki da kayanki. In sun cika ba ki fasa ba, murfin langar nan zai buɗe da kansa, abin da ke ciki ya biyo ni."

"Madalla da wannan doka."

"Madalla. Sai dai manyan mutane irinku ba sa buƙatar ta." Ya zaro wata takarda daga hannun riga. "Ki dangwala yatsa a nan, kin yafe kwanakin ke nan. Yanzu in miƙa miki makulli, in ƙara miki da fanka kyauta. Don kin ga akwai masu so."

Wasu maza biyu masu manyan riguna iri ɗaya suna tsaye a bayansa. Suka ce a tare, "Mu ma muna so." Iska ta kaɗo, suka ɗan juya, sai na ga ba su da baya. Kaurinsu bai wuce na faifai ba.

Na ciro tabarau na sa. Da haruffan takardar suka ga ina kallon su, sai suka gudu ƙasan shafi kamar tururuwa, suka cure wuri ɗaya. Na bi su da farce na danne, na karanta ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

"Malam Jatau, riƙe fankarka," na ce. "Kwanakina uku ne, ba na kyauta da ko ɗaya."

Bai yi fushi ba. Ya miƙo mini takarda ta biyu, ta cinikin gidan kanta. Na karanta gabanta tsaf, na ga ba laifi, na sa hannu. Ban juya bayanta ba. Wannan kuskure nawa ne, ba wanda ya taya ni yin sa.

Muna nan tsaye aka kaɗa ƙararrawa a can gefe, inda ake gwanjon gidaje. Wani bawan Allah ya ɗaga hannu zai kori ƙuda daga fuskarsa. Mai ƙararrawa ya ce, "An bar maka." Wani tsohon gida mai rufin kwano ya buɗe ƙofa ya haɗiye shi har da kekensa.

"Shi ba shi da kwana uku?" na tambaya.

"Gwanjo ba ya hucewa," in ji Jatau.

Sai ga ni a tsakar gidana. An riga an kai shi unguwa an dasa, tsakanin wani masallaci da shagon tela. Na shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Na ce nan gado, nan durowa, nan kuma ɗakin jikoki in sun zo hutu. Na tsinki gwaiba na ci, tana da ɗanɗanon shayi mai madara, na ce ba komai, za a saba. Na auna tagogi da kamu don labule. Na zauna a bakin rijiya na miƙe ƙafa, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba. Na tuna da ƙanena Tanimu, wanda magini ne, da ya sha gaya mini kada in sayi gida sai ya ƙwanƙwasa bangonsa. Na ce a raina yaron da na goya ba zai koya mini kallon bango ba. Akwai lokaci. Kwana uku ba wasa ba ne.

Sai zakara ya yi cara.

Na ɗaga kai. Rana tana nan inda na bar ta, ko taki ɗaya ba ta yi ba. Jatau na zaune a kan katanga yana lilo da ƙafa, zakaran na kan cinyarsa.

"Kwana ɗaya ke nan, Hajiya."

"Wane irin kwana? Ko la'asar ban yi ba."

"Juya takardarki."

Na juya. A bayanta, da rubutu manya wanda ko tabarau ba ya buƙata, an ce carar zakaran dillali ita ce kwana.

Ban firgita ba. Wadda ta karɓi haihuwar tagwaye da fitilar ƙwai, ruwa na zuba ta rufi, ba za ta firgita don kaza ba. Na dai gane wasa ya ƙare. A garin rijiya ita ce waya, don haka na leƙa ciki na ƙwala kira.

"Tanimu!"

Na ja guga, sai ga shi zaune a ciki, da gudumarsa da cokalin gini, rigarsa ko jiƙewa ba ta yi ba. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ni.

"Yaya, an saya ke nan?"

"An saya, amma da sauran kwana biyu. Duba mini."

Bai ce ai na gaya miki ba. Wannan hali nasa na daɗe ina yaba masa a zuci. Ya nufi bangon ɗakin da na zaɓa don gadona, ya ƙwanƙwasa sau uku. Bangon ya yi tari, irin tarin tsohon da ya daɗe yana ɓoye ciwo. Shuɗin fentin ya zame gaba ɗaya ya faɗi ƙasa kamar zanin da aka yi wa ɗaurin sakaci. A ƙarƙashinsa ga wani layi baƙi-baƙi ya zagaye ɗakin, daidai kafaɗata.

"Mene ne wannan?"

"Nan ruwa yake tsayawa, Yaya."

Muka shiga uwar ɗaka. Wata ƙatuwar tarwaɗa na kwance a kan darduma tana sauraron rediyo. Ta rage murya ta yi mana sannu da zuwa.

"Ke ce sabuwar?" ta ce da ni. "Ni 'yar damina ce. Daga saukar ruwa zuwa kaka nan ne ɗakina. Na zo da wuri ne in kama wuri, don bara 'yan'uwana sun riga ni, a kicin na ƙare. Ke a saman ruwa kike kwana ko a ƙasa?"

Na ja Tanimu waje.

"Wannan mai sauƙi ne," na ce. "Sai ka haƙa mini magudana."

"Yaya, gidan a cikin magudanar yake."

Duk da haka ban saki ba. Na fara lissafin a ɗaga daɓe, a yi dakali, wata uku ne kawai a shekara, mutum zai iya zuwa wurin 'yarsa ya yi damina. Ina cikin wannan tunani na ji ƙamshin daddawa yana saukowa daga sama. Tanimu ya ɗaga kai, ya sa ƙotar guduma ya tura silin. Allo ɗaya ya buɗe, aka zuro tsani. Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta sauko da ludayi a hannu.

"Sannunku," ta ce. "Ko kuna da gishiri?"

Na ce ba mu tare ba tukuna. Na tambaye ta ko ita wace ce.

"Kande. Gidan babanmu ne. Mu goma sha ɗaya ne a sama, har da tsohuwarmu."

"An sayar mini da gidan nan."

"Mun ji lokacin da ake ja. Babban wanmu ne ya ɗaura masa igiya ya kai kasuwa muna ciki. Ba a raba gado ba tun rasuwar Baba. In an raba, shi rabonsa ƙofa ce da rabin zaure. To, su kika saya. Ƙofar kuwa mai kyau ce, ba laifi."

Na leƙa ta ramin silin. Akwai duhu, amma na hango mutane zaune a jere sun sunkuyar da kai saboda kwano. Kusa da bakin ramin ga ƙafafun wata tsohuwa, sun kumbura, an ɗora su a kan matashi. Aikina ya sa na san irin wannan kumburi. Ba ƙafar da za ta iya sauka tsani ba ce, balle ta je neman wani gida.

"A ɗakin da kika ce na jikoki ta haife mu duka," in ji Kande. "Ba mu da faɗa da ke, baiwar Allah. Amma ranar da kika kwana a nan, mu ma za mu sauko, mu ɗunguma gaban alƙali, mu da ke. Maƙwabtanmu sun yi irin ta. Wanda ya sayi nasu da baƙin gashi ya fara zuwa kotu, yanzu jikansa ke zuwa a madadinsa."

Ta koma sama ta janye tsaninta.

Sai zakara ya sake cara. Muka fito da gudu. Jatau na kan katanga, ya zuba garin barkono a tafin hannu yana hura wa zakaran a hanci.

"Biyu," ya ce.

Na zauna a bakin rijiya, langa a cinyata. Kuɗin da ke ciki sun daina motsi, sun yi lamo kamar masu saurare.

"Ki fasa, Yaya," in ji Tanimu.

"Ni ban taɓa cewa na saya in dawo in ce na fasa ba. Na riga na gaya wa matan asibiti. Na ce su zo walima. Me za a ce? Hansatu ta tsufa, an yi mata wayo a kasuwa?"

"Za a ce haka, mako ɗaya."

"Ka san nawa na daɗe ina jiran gida nawa?"

"Na sani. Ni na yi ta gyara miki na mutane." Ya tsuguna a gabana. "Yaya, da mace za ta zo miki da naƙuda kika ga ɗan ya zo a gicciye, za ki ce tunda kin riga kin ce a gida za ta haihu, sai a gida?"

"Mota zan nema mata."

"To."

Ban ƙara musu ba. Na miƙe na gyara ɗaurin ɗankwali, na je gindin katanga.

"Malam Jatau, na fasa."

Maganar ta fito daga bakina, ta faɗi ƙasa ƙwal, ƙarama kamar ƙwayar masara. Zakaran ya diro ya haɗiye ta.

"Ban ji komai ba," in ji Jatau. "A garin nan maganar baki abincin kaji ce. Sai a rubuce, da hatimin Ofishin Fasawa, kafin cara ta uku." Ya sake buɗe ƙullin barkono.

Tanimu ya riga shi. Ya yi tsalle ɗaya ya cafke zakaran, ya matse shi a hammata, ya kama bakin da yatsu biyu. Jatau ya yi ta zagaya shi yana cewa wannan zalunci ne. Tanimu ya zauna a ƙasa ya juya masa baya.

"Ki tafi, Yaya. Zan riƙe, amma ba zan iya riƙewa har abada ba. Yana da ƙarfi."

Na fita. Titin unguwar an naɗe shi an jingine a bangon shagon tela, ba ta inda za a bi. Na ce da telan ya taimaka ya shimfiɗa, ya ce sai rana ta yi sanyi. Na ajiye langa, na rungumo titin na kayar da shi ƙasa, na sa ƙafa na hankaɗa. Ya yi ta warwarewa, ya haye wata gada, ya zagaya bayan kasuwa, ya tsaya cak a ƙofar wani farin gini. Na ɗauki langata na bi.

A ƙofar ofishin layi ne dogo. Kowa na ɗauke da gida a ka, a kan gammo, wuyansu ya nutse cikin kafaɗa. Wani dattijo mai ɗauke da bene ya dube ni ta ƙarƙashin kayansa.

"Da sauran kwananki?"

"Ɗaya."

"To, wuce, 'yata, kada ki tsaya gaisuwa. Mu namu sun ƙare, zuwa kawai muke yi don mun saba. Ni ina bakin ƙofar nan tawa carar ta same ni. Takalmi na tsaya cirewa."

Na shiga da takalmina.

Shugabar ofishin zabuwa ce. Tana zaune bayan wani babban tebur, da atamfa mai ɗigo-ɗigo da tabarau a kan baki. Gumi ya jiƙa mata wuya.

"An tashi," ta ce.

"Ƙofa a buɗe take."

"Ba hatimi."

"Ina ya tafi?"

Ta dubi hagu da dama, ta rage murya. Ta ce a ofishin nan hatimi ƙwai ne. Kullum da safe ita ke saka shi, a fasa a kan takardar da ta zo. Na yau tun asuba ya tsaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Na ajiye langa a kan tebur na naɗe hannun riga.

"Tun asuba, kuma kina zaune a kan kujerar katako? Wa ya ce ki yi ta yunƙuri ke kaɗai? Sauko."

"Baiwar Allah, nan ofis ne."

"A da ne yake ofis. Sauko, na ce."

Ta sauko. Na kori wasu maza biyu da ke leƙe ta taga, na ja labule. Na samu ruwan ɗumi a butar shayinta, da man kaɗanya a cikin durowa tare da fayiloli. Na shimfiɗa gyalena na kwantar da ita a gefe. Na shafa, na taɓa, na gane ƙwan ta faɗinsa ya zo. Na yi mata magana a hankali kamar yadda na yi wa mata dubu kafin ita, ina juya shi kaɗan-kaɗan.

"Kada ki yunƙura sai na ce. Ja numfashi. Yauwa. Wannan ne karo na farko da ya yi miki haka?"

"Na farko ne, Inna."

"Ba komai. Kin kusa."

Da hannu ɗaya nake aiki. Da ɗayan na jawo farar takarda da biro daga kan tebur, na rubuta: Ni Hansatu na fasa sayen shuɗin gida mai gwaiba. Na sa hannu, na juya bayan takardar na duba, ba komai.

Daga cikin randar da ke lungun ofishin muryar Tanimu ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Yaya, yana sara na. Yatsa ɗaya ya rage."

Murfin langa ya fara ɗagawa. Wata takardar kuɗi ta leƙo da kai tana duban ƙofa. Na sa gwiwar hannu na danne.

"Yanzu," na ce da zabuwa. "Yunƙura. Ƙara. Kada ki tsaya. Ƙara!"

Ƙwan ya faɗo cikin tafina, da ɗumi, da tambarin ofis a jikinsa. Zabuwa ta yi ajiyar zuciya. Ta miƙe, ta gyara atamfa, ta mayar da tabarau, ta hau kujera. Ta karanta takardata daga sama har ƙasa kamar ba ta taɓa gani na ba.

"Fasawa ba kyauta ba ce," ta ce. "Mai fasawa yana barin takalmi ɗaya a ofis. Kuma ba duk kafin alƙalami ke dawowa ba."

"Bayan abin da na yi miki yanzu?"

"Allah ya saka da alheri, Inna. Takalmi."

Farin takalmin aikina ne, wanda na yi shekara tara ina zagaya ɗakin haihuwa da shi. Na cire na hagu na ɗora a kan tebur. Ta ɗaga ƙwan ta buga a tsakiyar takardar. Ya fashe, gwaiduwar ta bazu a kan sunana.

Sai carar ta zo, doguwa, har gilashin taga na rawa.

Jatau ya turo kai ta labule yana haki. "Ya yi cara! Kowa ya ji! Uku!"

Zabuwa ta sa fiffike ta taɓa gwaiduwar, ta duba.

"Ƙwai ya riga," ta ce. "Cire hula."

Ya cire. Kuɗin da na ba shi suka yi ta tsalle suna komawa cikin langa. Kaɗan daga ciki suka maƙale a gashinsa suka ƙi fitowa. Na miƙa hannu, zabuwa ta ce waɗannan nasa ne, haka doka ta ce. Na bar masa. Na rufe langata, na ji ta yi nauyi kamar da, ko kusa da haka.

A waje na tarar da Tanimu zaune a kan dakali, yatsunsa duk jini. Na yage gefen ɗankwalina na ɗaure masa ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗaurewa yana kallon ƙafata marar takalmi.

"Yanzu ina za ki kwana, Yaya?"

"Ɗakin da kake ajiye siminti."

"Akwai ɓeraye."

"Suna da rabon gado a ciki?"

"A'a."

"To, share mini shi."

Ya yi dariya har ya manta da ciwon. Ni ma na yi. Ba ni da gida, ƙafata ɗaya a ƙasa, ga matan asibiti da zan je in ce wa ba walima. Amma na miƙe tsaye sosai, na ji wuyana sakayau, na ratsa ta gaban masu gidaje a ka suna matsa mini hanya.

Hanyar komawa ta bi ta kasuwa. Ban yi niyyar dubawa ba, amma na duba. An riga an dawo da shuɗin gidan turkensa, an ɗaura masa fentinsa, reshen gwaiba na leƙe ta katanga. A gabansa wani mutum ne tsaye, sa'ana ko ya ɗan girme ni, da tsohuwar rigar masu gadi wadda aka goge da kyau. Yana rungume da langa irin tawa, sai dai tasa ta fi ƙanƙanta. Matarsa na gefe tana shafa bangon, tana murmushi. Na san wannan murmushi. Jatau na tsaye da zakaransa, mutanen nan biyu marasa baya na cewa su ma suna so. Ga fanka an ajiye a ƙasa, sabuwa cikin leda. Jatau ya zaro takardar farko, ta yafe kwanaki. Mutumin ya goge babban yatsansa a riga ya dangwala a tawada.

Na miƙa wa Tanimu langata na ruga, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Kasuwar ta yi ta ƙara tsawo. Na ture wani mai rake, na tsallake igiyoyi. Na buɗe baki zan ce, Malam, dakata, kada ka yafe, ka ƙwanƙwasa bango, ka duba sama. Abin da ya fito daga bakina ba magana ba ce. Ƙara ce, kwaram-kwaram-kwaram, kamar ƙarfe na bugun ƙarfe. Na sake gwadawa da ƙarfi. Kwaram-kwaram. Mutumin ya tsaya da yatsa a sama, ya fara juyowa.

Na buɗe ido. Murfin tukunya ne a kicin. Wake ya tafaso, yana ta buga murfin, ruwan na zuba a kan wuta. Na tashi da gudu na sauke, har na ƙona yatsa.

Na daɗe tsaye a wurin da tsumma a hannu. Ya juyo, wannan na tabbata. Abin da ban sani ba shi ne ko ya ji ni.